Saƙon da ke ɓata a hanya: kundin aikin manhajar Farin Gada

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Abin da ya faru ranar Asabar ne ya sa na buɗe wannan kundi, kuma ba zan rufe shi ba sai na gano inda saƙo ke maƙalewa.

Baba Alhaji abokin mahaifina ne, dillalin kayan gwari a kasuwar Farin Gada nan Jos. Manoma daga Mangu da Bokkos da Barkin Ladi ke kawo masa kabeji, karas, tumatir da dankalin Turawa, ya sayar, ya cire la'ada, ya ba su kuɗinsu. Wani a ba shi rabi yau, ciko sai ya dawo. Duk a littafi akawunsa ke rubuta wannan, har daminar bara ta jiƙa musu littafi guda, tawada ta cakuɗe. A watan Disamba na haɗa musu shafin intanet da akawu zai riƙa shigar da kaya ta wayarsa. Sai dai a cikin rumfunan nan sabis zuwa yake yana ɗaukewa, don haka dole shafin ya yi aiki ko da babu sabis.

Abin da ke ba da wannan dama shi ne sabis woka. Ni ma'aikacin bayan fage nake ce masa, domin in na ce sabis woka a kasuwa, sai a ɗauka wani abu ne mai ƙara ƙarfin sabis a waya. Ɗan fayil ne na JavaScript da burauza ke gudanarwa daban, yana tsaye tsakanin shafi da intanet. Ba ya ganin maɓalli, ba ya iya taɓa rubutun da ke fuskar shafi. In da magana tsakaninsu, sai ta saƙo, wato `postMessage`. Chrome na da shi tun sigarta ta 40 a 2015, Safari kuma tun 2018.

Tsarina shi ne: akawu ya danna Ajiye, shafi ya miƙa wa ma'aikaci, ma'aikaci ya adana a IndexedDB, wato rumbun ajiya na burauza da ke cikin waya, in sabis ya dawo ya tura wa saba, babbar kwamfutar da ke tara bayanan a intanet, sannan ya aiko wa shafi cewa ta isa. Layin da ke ruwan ɗorawa sai ya koma kore.

Ranar Asabar layin kwando 12 na tumatir na wani manomi daga Mangu ya ƙi komawa kore. Akawu ya jira, ya ji shiru, ya ɗauka bai shiga ba, ya sake shigarwa. Ashe na farkon ya riga ya isa saba. Da yamma ƙanin manomin ya leƙa waya ya ga kwando 24, kuɗin 12 kuma aka miƙa musu. Sai da 'yan dakon da suka sauke kayan suka ba da shaida kafin ƙura ta lafa. Da daddare Baba Alhaji ya kira ni ya ce, "Ɗana, mutanen nan mun fi shekara ashirin muna ciniki, ba a taɓa jin kanmu ba. In abin nan zai haɗa ni da su, gara mu koma littafi." Na ce masa, "Baba, a ba ni mako uku."

Talata, 7 ga Janairu

Na fara da tambaya ɗaya: saƙon shafi yana isa wurin ma'aikaci kuwa a kowane lokaci? Na ari wayar ƙanwata, wadda ba a taɓa buɗe shafin a kanta ba, na shigar da kaya na gwaji. Ko alama. Na sabunta shafin, na sake shigarwa, ya tafi.

Dalilin a bayyane yake da na nutsu. Ina aika saƙo ta `navigator.serviceWorker.controller`, wato ma'aikacin da ke riƙe da shafin, shi kuwa wannan fanko ne a buɗewar farko. An yi wa ma'aikaci rajista, ya zauna, ya fara aiki, amma shafin da ya yi masa rajistar bai shiga hannunsa ba sai an sake lodawa. Abin da ya fi damuna shi ne layin da na rubuta da hannuna, cewa in akwai `controller` a aika, in babu a wuce. A wuce shiru, ba gargaɗi, ba komai. Duk wanda ya buɗe shafin a sabuwar waya, shigarwarsa ta farko ta bi ruwa ke nan, kuma allon zai nuna masa tana jiran aikawa.

Na gyara ta hanya biyu. Shafi yanzu yana jiran `navigator.serviceWorker.ready`, sannan ya aika ta `registration.active`, wanda ke karɓar saƙo ko shafin bai shiga hannunsa ba. Na kuma sa `clients.claim()` a matakin `activate` don ma'aikaci ya karɓi shafukan da ke buɗe nan take. A ɗaya ɓangaren ma haka abin yake, `clients.matchAll()` ba ya lissafa shafin da ba ya hannun ma'aikaci sai an ba shi `includeUncontrolled: true`.

Bayan gyaran na ɓata kusan awa guda ina ganin `controller` fanko a kwamfutata. Hannuna ya saba da Ctrl da Shift da R, wannan sabuntawar kuwa da gangan take tsallake ma'aikaci. Na rubuta a takarda na manna a gefen allo.

Wannan aibi ne na gaske, amma ba shi ya haddasa rikicin Asabar ba. Wayar akawu ta fi wata guda da shafin.

Laraba, 8 ga Janairu

Yau hanyar dawowa na bi, daga ma'aikaci zuwa shafi.

Burauza na da wata ƙa'ida da ban lura da ita ba. Saƙon da ma'aikaci ya aiko, ana tsare shi a layi har shafi ya gama karanta kansa. Da an kai `DOMContentLoaded` sai a buɗe ƙofa a saki saƙonni, ko akwai mai sauraro ko babu. Wanda ya zo bai tarar da kowa ba, ya tafi ke nan, ba a maimaita shi. Ni kuma sai da shafi ya ɗauko shigarwar mako guda daga rumbu, ya jera su a allo, sannan nake kafa mai sauraro. A kwamfutata tsakanin nan ƙiftawar ido ce. A wayar akawu, mai RAM 2GB, wato ƙwaƙwalwar aiki, ga ta cike da hotuna da bidiyon WhatsApp, daƙiƙu ne masu yawa.

Na ɗauke mai sauraron na kai shi layin farko na fayil ɗin farko. Duk saƙon da ya riga allo shiryawa, yana tara shi a jeri, in allo ya shirya a bi su ɗaya bayan ɗaya. Na yi gwaji da rage saurin kwamfuta ninki shida a DevTools, kayan binciken kod na Chrome, ya yi daidai. Raina ya ɗan kwanta, sai dai ina so in gani da idona a kasuwa.

Asabar, 11 ga Janairu

Ƙarfe shida da rabi na sauka daga keke a bakin kasuwa. Sanyin Jos na Janairu ba ya wasa, hazo ya rufe har ba ka ganin ƙarshen layin motoci. Akawu na zaune kan buhun karas, ya ja hannun rigar sanyi ya rufe yatsunsa, babban yatsa kaɗai ya bari a waje yana latsa waya. Gilashin wayar ya tsage daga kusurwa, tsagar ta bi ta kan maɓallin Ajiye. Yana shigarwa yana ɗaga kai yana ƙirga kwandunan da ake saukewa, wani na kiransa ta baya a kan canji. Da na ga haka sai na daina ganin laifinsa na sake shigarwa. Mutumin da ke cikin wannan hayaniya, launi kawai yake kallo. In launi ya yi masa ƙarya, ba shi da lokacin bincike.

Na haɗa wayarsa da kwamfutata da kebul, na buɗe `chrome://inspect`, na zauna ina kallo. Shigarwa tara a jere. Sabis ya ɗauke sau biyu ya dawo, duk tara suka koma kore. Na ce masa an gama, na cire kebul na tafi wurin mai shayi.

Ban kai rabin kofi ba ya biyo ni da waya a hannu. "Yaya, ga shi ya sake." Layi biyu ruwan ɗorawa. Na duba saba ta wayata, duk biyun suna can. Muka koma, na mayar da kebul, ya shigar da wasu uku, lafiya lau. Na cire, na huɗu ya maƙale.

Har azahar haka muka yi ta yi. In ina kallo ba ya yi, in na kau da kai ya yi. Na ce wa akawu duk layin da ya maƙale kada ya sake shigar da shi, ya rubuta a littafi ya kira ni. Na dawo gida kaina a ɗaure.

Litinin, 13 ga Janairu

Alhamdu lillahi, na kama bakin zaren. Kebul ɗin ne ya nuna mini hanya.

Ma'aikacin bayan fage ba a zaune yake kullum ba. Burauza na tayar da shi in akwai abin yi, in ya yi zaman banza na kimanin daƙiƙa 30 Chrome ta kashe shi don tsimin batir da RAM. In wani aiki ya taso sai a sake tayar da shi daga farko, a karanta fayil ɗinsa tun daga layin sama, duk abin da ya riƙe a ƙwaƙwalwa ya goge. Amma muddin DevTools na haɗe da shi, Chrome ba ta kashe shi, don mai bincike ya samu damar dubawa. Wato duk gwajin da na yi tun Disamba, da DevTools a buɗe, ina gwada ma'aikacin da ba ya mutuwa ne, wanda babu irinsa a wayar kowa.

Ga abin da na yi a kod. Kowace shigarwa, shafi na ƙirƙiro `MessageChannel`, wato bututun saƙo mai baki biyu, ya riƙe baki ɗaya, ya miƙa wa ma'aikaci ɗaya bakin tare da saƙo. Ma'aikaci sai ya ajiye wannan baki a wani `Map`, jerin da ke zaune a ƙwaƙwalwarsa kawai, da ke saman fayil, da niyyar in kaya sun isa saba ya ba da amsa ta nan. In sabis na nan, ko ya dawo da wuri, amsa na fita kafin a kashe shi. In sabis ya daɗe bai dawo ba, an kashe shi tuni. Da sabis ya dawo, Background Sync, tsarin burauza mai tayar da ma'aikaci in intanet ya dawo, ya tayar da sabo, sabon ya buɗe IndexedDB ya tarar da kaya, ya tura wa saba cikin nasara, ya waiwayi `Map` ya tarar da shi wayam. Babu wanda zai gaya wa. Babu kuskuren da zai fito a ko'ina, domin a wurinsa ya gama aikinsa. Shafi kuma na can riƙe da bakin bututun da ɗaya ƙarshensa ya mutu.

Na tabbatar da haka cikin minti biyu. A sashen Application na DevTools akwai wurin da ake tsayar da ma'aikaci da hannu. Na kashe intanet, na shigar da kaya, na tsayar da shi, na kunna intanet. Kaya sun isa, layi ya tsaya ruwan ɗorawa. Sau biyar na maimaita, sau biyar ya faru. Tun da na fara wannan bincike ban ji daɗi irin na ganin aibin nan yana fitowa a lokacin da na kira shi ba.

Da na je yi wa Baba Alhaji bayani bayan la'asar, sai na ce masa ma'aikacin nan kamar ɗan dako yake. Ka kira shi ya ɗauki kaya ya kai, ya wuce. In ka sake kira, mai yiwuwa wani ne zai zo. Ni kuma na ba na farkon sallahu ya riƙe a ka, ina jiran na biyun ya kawo mini amsa. Ya yi shiru kaɗan ya ce, "Ai shi ya sa muke rubuta alamar mai kaya a jikin buhu." Maganarsa ita ce gyaran da zan yi, ba ragi ba ƙari.

Ina cikin fayil ɗin na ga wani abin da ya tayar mini da hankali. A wurin karɓar saƙo, rubutun da ma'aikaci ke yi a IndexedDB ban nannaɗe shi da `event.waitUntil()` ba. Ba tare da shi ba, burauza ba ta san akwai aikin da bai ƙare ba, tana da ikon kashe shi a tsakiya. Na bi littafin akawu da abin da ke saba layi-layi tun daga Disamba, ban ga abin da ya ɓace ba. Allah ne ya tsare. Na sa shi nan take.

Laraba, 15 ga Janairu

An ɗauke wuta tun safe, aiki kaɗan na yi. `DataCloneError` ya fito sau ɗaya, saboda na cusa wani abu mai ɗauke da fankshan a cikin saƙo. `postMessage` kwafin bayani yake yi, ba ya kwafar fankshan ko wani yanki na fuskar shafi. Na cire, ya wuce.

Alhamis, 16 ga Janairu

Na rushe tsarin saƙonnin na sake gini.

Yanzu shafi da kansa ke rubuta shigarwa a IndexedDB, tunda shi da ma'aikaci rumbu ɗaya suke gani. Kowace shigarwa na da lambar shaida da ake ƙirƙira a waya da `crypto.randomUUID()`, da kuma matsayi a jikinta, tana jira ko ta isa. In ma'aikaci ya tura ta, a rumbun yake sauya matsayin. Launin layi daga rumbu ake karanto shi, ba daga saƙo ba. Saƙon da ya rage tsakaninsu guda biyu ne, kuma babu mai ɗauke da kaya. Shafi na cewa "akwai sabo a rumbu", ma'aikaci na cewa "duba rumbu". In na biyun ya ɓata, ba a yi asarar komai ba, domin shafi na sake duba rumbu duk lokacin da aka dawo kansa, ta `visibilitychange`, da kuma duk daƙiƙa 20 muddin akwai layin da ke jira.

Na yi tunanin `BroadcastChannel`, wata hanyar aika saƙo ga duk shafukan da ke buɗe, ya fi sauƙin rubutu. Amma babban ɗan Baba Alhaji tsohuwar iPhone gare shi, Safari kuwa sai a siga ta 15.4, a 2022, ta samu wannan. Na tsaya kan `clients.matchAll()`, ana neman shafukan da ke buɗe a daidai lokacin da za a yi magana, ba a ajiye kowa a ƙwaƙwalwa. Background Sync ma babu shi a Safari da Firefox, don haka shafi na zungurar ma'aikaci ya gwada turawa duk lokacin da aka buɗe shi. Ban dogara da `navigator.onLine`, mai nuna ko akwai intanet, ba. A Farin Gada waya na nuna sanduna cike, ko harafi ɗaya ba ya fita.

Saba yanzu na ƙin karɓar lambar shaida ɗaya sau biyu. Wannan na maganin turawa biyu daga ma'aikaci, amma ba ya maganin abin da ya faru da manomin Mangu, domin shigarwar akawu ta biyu sabuwar lamba za ta samu. Sai na ƙara tambaya. In manomi ɗaya, kaya iri ɗaya, adadi ɗaya suka maimaitu cikin minti 15, allo zai tsaya ya ce, "An riga an shigar da irin wannan ɗazu. Wani kayan ne daban?"

Asabar, 18 ga Janairu

Na ɗora sabuwar siga daren jiya. Da safe akawu ya kira, komai ya tsaya ruwan ɗorawa, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Shafin sabo ne ya sauko, amma ma'aikacin tsoho ne ke riƙe da shi. Burauza ta ga fayil ɗin ma'aikaci ya sauya, ta sauke sabon, ta zaunar da shi a matsayin mai jira. Ba zai karɓi aiki ba sai an rufe duk shafukan da tsohon ke riƙe da su, kuma sabunta shafi ba ya wadatarwa, domin sabon lodi na farawa tun tsohon shafi bai gama sauka ba. Akawu kuwa bai taɓa rufe shafin nan ba tun ranar da na buɗe masa. Sabon shafi na cewa "akwai sabo a rumbu", tsohon ma'aikaci na jiran a miƙo masa kaya a cikin saƙo. Kowa na yarensa.

Ta waya na sa ya rufe shafin gaba ɗaya ya sake buɗewa, layuka suka fara komawa kore yana kan layi. Babu abin da ya ɓace, duk suna rumbu. Da a tsohon tsari ne, da shigarwar safiyar nan duka ta tafi.

Mafi sauƙi shi ne in sa `skipWaiting()`, wanda ke sa sabon ma'aikaci ya karɓi aiki ba jira, ya riƙa gudana da kansa, shafi ya sabunta da zarar ma'aikaci ya sauya. Na ƙi. Na tuna akawu da yatsa ɗaya a waje, ya kai rabin rubuta sunan manomi, shafi ya goge masa a gaban mota ana sauke kaya. Sai na sa ɗan sanarwa a saman allo, "Akwai sabuwar siga, danna in ka samu sarari." In ya danna, shafi ya aika wa `registration.waiting` saƙo, shi ya kira `skipWaiting()`, in `controllerchange` ya faru shafi ya sabunta sau ɗaya tak. Kowane saƙo kuma yanzu na ɗauke da lambar siga, in ba su dace ba sanarwar ta fito da ja.

Asabar, 25 ga Janairu

Na wuni a kasuwa, kwamfuta na cikin jaka, ban fito da kebul ba. Tumatirin rani ya fara cika kasuwa, motoci tun asuba. Akawu ya yi shigarwa 63. Sabis ya ɗauke na kusan minti 40 wajen ƙarfe goma, layi 11 suka taru ruwan ɗorawa, ya dawo suka koma kore yana cikin ƙirga kuɗi. Tambayar maimaici ta fito sau ɗaya, kuma da gaske kaya biyu ne, manomi ɗaya ya zo da mota biyu. Da yamma muka bi littafi da saba, 63 da 63.

Manomin Mangu ya kawo kabeji yau. Baba Alhaji ya kira ni ya ce masa, "Ga yaron da ya haɗa abin, ya gano inda matsalar take." Na ba shi haƙuri a gaban ƙaninsa, na nuna musu layinsu yana komawa kore. Ƙanin ya karɓi wayar ya duba adadin da kansa kafin ya miƙo.

Baba Alhaji ya ce za a ci gaba da rubuta littafi tare da waya har azumi ya wuce, lokacin da kasuwar kayan miya ta fi zafi. Na goyi bayan haka.

Saura abu biyu. Yaron da ke taimaka wa akawu yana buɗe shafin da wata burauza mai tsimin data wadda ba ta da ma'aikacin bayan fage kwata-kwata, ina so shafin ya gaya masa haka ƙarara tun kafin ya fara shigarwa. Sannan ban gwada abin da zai faru ba in wurin ajiya na waya ya cika ana tsakiyar rubutu a rumbu. Wayar akawu saura mata ƙasa da 300MB. Zan karɓe ta gobe Lahadi bayan an tashi kasuwa.